Miyar Hajiya a Sifikar Hagu

Ko da zan manta da komai na bikin Rukayya, ƙanwar maigidana, ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da aka kunna muryata a tsakar gidan surukaina da ke Soron Ɗinki. Har yau idan na tuna sai in rufe fuska, daga baya in yi dariya, in ce alhamdu lillahi.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ina aiki a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Kano, a ɗakin tace shirye-shirye. Aikina in zauna gaban kwamfuta in yanke tarin baƙi, in cire "e to, e to" ɗin masu hira, in daidaita sauti kafin a sa a iska. Ba a taɓa jin muryata a rediyo ba, amma a dangin mijina ni ce 'yar jarida. Ko rimot ne ya ƙi aiki ni ake kira. Ni kuma (Allah Ya yafe mini) ban taɓa gyara musu fahimta ba, don abin yana yi mini daɗi.

To a gidan akwai Inna Yalwa, gwaggon Hajiya surukata. Tsohuwa ce tukuf, tafiya ma sai an riƙe ta. A zamaninta ita ce ke yi wa amaren unguwa waƙar sa lalle, irin ta da, wadda ake yi da kiɗan ƙwarya mata suna amshi. Tun da mijinta ya rasu ta rufe baki, ba wanda ya sake jin ta. Amma Rukayya a hannunta ta tashi, don haka da biki ya matso sai Inna ta ce za ta yi mata, kuma daga wannan ta gama har abada.

Hajiya ta aika aka kira ni ɗakinta.

"'Yar nan, ke ce mai na'ura," in ji ta. "Waƙar nan idan ta wuce ta wuce, ko ni ban riƙe rabinta ba. Ki ɗaukar mana ita yadda kuke yi a wurin aikinku."

Na ce, "Hajiya ki kwantar da hankalinki. Wannan ai ƙaramin aiki ne."

Na karɓo aron rikoda daga ofis, 'yar ƙarama ce kamar sabulun wanka, da makirfo biyu a kanta kamar ƙahoni, ɗaya yana kallon hagu ɗaya dama. Kowanne abin da ke gefensa yake ɗauka, shi ya sa idan aka kunna sai ka ji kamar kana wurin.

Ranar sa lalle gida ya cika har zaure. An shimfiɗa wa Inna darduma a gindin rumfa an jingina ta da filo, mata biyu suka kifa ƙwarya a cikin baho da ruwa. Ni kuma na shigo da ƙasaita, na sa aka kifa mini turmi, na ɗora rikoda a kai. Sai wata dabara ta zo mini: in juya ta a kaikaice, makirfon dama ya kalli Inna, na hagu ya kalli matan da za su yi amshi. Har na yaba wa kaina. Da na ga 'yan mata sun ɗaga wayoyi za su ɗauka, sai na ce musu, "Ku daina ɓata cajinku, zan tura wa kowa mai kyau." Suka kuwa sauke. (Ku riƙe wannan: da bakina na tabbatar ba wanda ya ɗauki waƙar nan a duniya sai ni.)

Na jawo kujera 'yar tsuguno na zauna dab da turmin don in yi gadi kada yara su ture. Ta gefen hagu na zauna. Can sai ga facalata Jamila, matar wan maigidana, da faranti na waina da miyar taushe, ta raɓa kusa da ni. Inna ta fara waƙa, muna ci muna 'yar hirarmu ƙasa-ƙasa, irin ta facaloli. Ba a jima ba ƙishirwa ta kama ni, na ce wa Jamila ta kula da na'ura, na tashi neman ruwa. A kicin aka riƙe ni da rabon abincin baƙi, ban dawo ba sai da Inna ta kusa kai ƙarshe. Mata na ta share hawaye, Rukayya na kuka a cikin mayafi. Na kashe rikoda na jefa a jaka, ina jin kaina kamar na ceci tarihi.

Da na koma gida na ce bari in saurara. Na laluba jaka na ciro iyafis ɗina, wanda ɗana Hanif ya tauna tun tuni har kunne ɗaya ya mutu. Na dama ne kawai ke aiki. Na maƙala, na kunna. Muryar Inna ta fito tangaran, har numfashinta ana ji, hayaniyar gida kuwa can nesa-nesa. Ni da nake wuni ina tace aikin mutane, ban ga dalilin buɗe nawa a kwamfuta ba. Nan take na rubuta a guruf ɗin dangi cewa aiki ya yi kyau fiye da zato.

Bayan an kai amarya, kafin baƙin nesa su watse, Hajiya ta ce a taru bayan la'asar a saurara tare, sannan a tura wa kowa, har da dangin ango. Nura, ƙanin maigidana, bai riga ya mayar da manyan sifikun da aka yi haya don biki ba, sai ya jawo su tsakar gida. Ya ajiye ɗaya a bakin rijiya, ɗaya kuma a ƙofar ɗakin Hajiya, dab da kujerar da take zaune. Ba sai na gaya muku wacce ce ta hagu ba.

Na tsaya a tsakiya na yi ɗan jawabi (har da jawabi fa!) a kan muhimmancin adana al'ada. Sannan na danna.

Daga bakin rijiya kiɗan ƙwarya ya taso, muryar Inna ta biyo baya, gwanin daɗi. Daga gefen Hajiya kuwa sai kasuwa ta buɗe: ƙarar cokula, kukan jariri, wata tana cigiyar takalminta ƙafa ɗaya, wata tana tambayar wa ya ɗauki murfin kula. Ni kuwa na dake.

"Wannan da gangan na bar shi," na ce. "Don a ji yanayin biki."

Ban rufe baki ba sai wata murya ta fito daga sifikar hagu, ta danne duk sauran, kamar mai ita tana cikin sifikar a zaune. Wallahi da farko ban gane ta ba. Har na ce a raina, wace ce wannan mai murya kamar agwagwa?

"Jamila, ɗanɗana miyar nan."

"Na ɗanɗana."

"Wallahi kamar an wanke buhun gishiri a ciki. Kuma Hajiya ce fa ta yi da hannunta."

"Ke, yi a hankali."

"Wa zai ji a wannan hayaniyar? Dubi yadda kowa ke santin ƙarya, tsoro ne kawai. Ni tun da na shigo gidan nan nake shan gishiri ina cewa madalla."

Daga nan sai ƙarar tauna. Sai ta suɗar hannu. Rikodar nan mai tsada ce, ba abin da ta bari.

Ban san lokacin da na yi tsalle ba. Maimakon in danna maɓallin kashewa da ke hannuna, sai na nufi wayar sifika da gudu, zanena ya harɗe ni, na tafi da waya da buta da wani kwanon silba gaba ɗaya. Sauti ya ɗauke. Gidan da ke cike da mata ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwanon nan yana juyi a kan siminti, ya ƙi tsayawa. Na waiga in nemi Jamila mu raba kunyar, sai na hango gefen mayafinta yana shigewa banɗaki.

Inna Yalwa, da kunnenta ya yi nauyi, ta ɗago kai. "Me ya sa aka kashe? Ban kai ko'ina ba fa."

Wata daga cikin baƙi ta ce, "Wuta aka ɗauke, Inna." Ga fankar rumfa tana ta juyawa a saman kanta.

Ni dai ina durƙushe inda na faɗi, ina roƙon ƙasa ta tsage. Hajiya ba ta ko kalle ni ba. Ta gyara zaman gilashinta, ta ce cikin sanyin murya, "Nura, kwashe kayan nan. 'Yar nan, ɗauki na'urarki ki je ki gyara. Kada a tura wa kowa tukuna." Sannan ta ƙara da cewa, "A zuba mata tuwo ta tafi da shi. Miyar yau ba ni na yi ba."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Yadda na ratsa lungunan Soron Ɗinki na fito titi ban sani ba. A cikin adaidaita har muka isa gidanmu wajen Ƙofar Dawanau fuskata na cikin mayafi, ga kular tuwo a cinyata. Na tarar labari ya riga ni, Nura ya kira yayansa. Maigida ya yi iya ƙoƙarinsa ya haɗe rai, amma kafaɗunsa suna rawa.

"Tun ina yaro nake shan miyar nan ban taɓa samun ƙarfin halin faɗa ba," in ji shi. "Ke kuwa da lasifika kika faɗa."

Na fashe da kuka. Sai ya daina dariya, ya ce, "Hajiya za ki je ki ba ta haƙuri, uwa ce, za ta haƙura. Ni waƙar Inna ce damuwata. Kin san ba za ta iya sakewa ba."

Nan ne hankalina ya tashi na gaske. Kunya dai ba ta kisa. Amma idan waƙar nan ta lalace, ni na hana kowa ɗauka.

Washegari da safe na nemi izini a ofis, na aro hedifon mai kunne biyu lafiyayyu wurin maƙwabciyata, na zuba sautin a kwamfuta. Abu na farko da duk mai irin aikina zai yi shi na yi: na raba layin hagu da na dama, na kashe na hagu gaba ɗaya, na kwafi na dama na sa shi a kunne biyu. Hayaniya ta tafi, Inna ta dawo tsakiya. Na sauke ajiyar zuciya.

Murnar ba ta daɗe ba. Amshin mata duk yana layin hagu, tare da guɗa da tafi. Da na kashe shi sai Inna ta zama kamar mai waƙa ita kaɗai a kango, tana jefa baiti ba mai karɓa. Ga shi kuma duk inda ta tsaya jan numfashi, sai in jiyo muryata can ƙasa-ƙasa ta tsallako layin dama, kalmar "gishiri" tana leƙowa. Ba mafita sai in bi sautin gaɓa-gaɓa: in ɗaga layin hagu daidai wurin amshi, in sauke shi da zarar amshi ya ƙare. Inda surutu ya hau kan amshin kuwa, sai in yanko wani amshi mai tsabta daga wani wuri in liƙa, tunda kiɗan ƙwaryar bai canza tafiya ba. Ma'ana dai sai na saurari gulmata sau ba adadi, a hankali, ina komawa baya ina sake ji. Ban taɓa sanin akwai horo irin wannan ba.

Na wuce wurin miya da ƙyar. Na ji inda na ce wa Jamila ta kula da na'ura, na ji takun tafiyata. Na ji ita ma Jamilar ta tashi (kun ga irin gadin da ta yi). Sai kujerar ta yi ƙara, wani ya zauna. Sai wata murya da na sani sarai ta ce wa ta kusa da ita:

"Ke dubi gwaggon angon can. Tun ɗazu take loda kaji a jaka kamar za ta buɗe shago. Ga lefen da suka kawo, atamfa kina hango mutum ta cikinta."

Na cire hedifon na ajiye. Na sake sawa, na koma baya. Hajiya ce. Hajiya surukata, mai carbi a hannu kullum. Kuma ba ta tsaya nan ba, sai da ta bi dangin ango ɗaya bayan ɗaya. Gwaggon angon nan kuwa ita ce ta fi kowa kuka ranar, ita ta riƙe hannun Hajiya ta ce don Allah a tura mata waƙar da zarar ta fito.

Ina zaune baki buɗe sai na ji sallama a ƙofa. Hajiya ce da kanta, ita da ba ta zuwa gidanmu sai da dalili mai ƙarfi. Na zube ƙasa na fara, "Hajiya don girman Allah ki yafe mini, sharrin baki ne..."

Ta ɗaga mini hannu. "Tashi, 'yar nan. Maigidan yana ciki?"

"Ya fita, Hajiya."

Ta leƙa tsakar gida, ta sakaya ƙofa, ta zauna a bakin kujera. Ta kalli kwamfutar kamar mai kallon maciji.

"Kin saurara har ƙarshe?"

Na sunkuyar da kai. "Na saurara, Hajiya."

"To." Ta ja carbi kaɗan. "Jiya ban runtsa ba. Ina jin muryarki a sifikar nan na tuna, da kika tashi ai ni na zauna a kujerarki." Ta matso. "Surutun nan, yana fita idan kin gyara?"

"Yana fita, Hajiya."

"Duka?"

"Duka, in sha Allahu."

Ta saki wata doguwar ajiyar zuciya, ta jingina. "Allah Ya yi miki albarka da kika faɗi a kan wayar nan. Da kin bari ya ci gaba, ko da Nura ya tura wa mutanen can, da yanzu Rukayya tana hanyar dawowa."

Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, na toshe baki. Ta harare ni, sai ita ma ta fashe. Muka yi ta yi har da hawaye, ni a ƙasa ita a kujera.

Ba ta tafi ba. Ta ce sai ta gani da idonta. Na jawo mata kujera kusa da ni, na cire hedifon muka saurara tare. Ashe ma zamanta alheri ne, don amshin ba iri ɗaya ba ne kamar yadda na zata, na wurin yabon iyaye daban, na wurin ban kwana daban. Da na liƙa wani a inda ba nasa ba sai ta ce, "A'a, wannan na gaba ne, nemo wancan." Duk inda muryarta ta fito kuwa sai ta kau da kai ta ce, "Sauke, sauke," in ja layin ƙasa tana kallo. Da muka zo wani baiti sai na ji tana binsa a hankali. Ta ce wannan Inna ta yi mata shi ranar nata lallen, a gidan iyayenta, lokacin mahaifiyarta tana raye. Na tsayar da aikin na bar ta ta gama share ido.

Can muna cikin aiki, ba tare da ta kalle ni ba, ta ce, "Gishirin da gaske ya yi yawa?"

"A'a Hajiya, ai..."

"Faɗi gaskiya. Na riga na ji ta a sifika."

"Kaɗan ne, Hajiya."

"Hm. Harshena ne ya daina ji, na daɗe ina zargi. Gida cike da mutane, a rasa mai gaya mini sai na'ura."

Kafin la'asar muka gama. Ta sa na goge na asalin a gabanta, daga rikoda, daga kwamfuta, ta kuma tambaya ko akwai wani lungu da yake ɓuya. Na nuna mata kwandon sharar kwamfuta, ta ce a zubar da shi ma. Ni kuma na saurari sabon da kunnen hagu shi kaɗai, na saurara da na dama, na haɗa biyun, na kunna a waya, na kunna a rediyon kicin, sannan na yarda.

Ranar Juma'a aka sake taruwa. Wannan karon ban yi jawabi ba, can bayan randa na zauna. Kiɗa ya taso, Inna ta shigo a tsakiya, amshi yana karɓa ta kowane gefe, guɗa tana faɗowa inda ya dace. Aka kai ƙarshe ba ko tari.

An matsar wa Inna da sifika kusa da kunnenta. Ta saurara ido a rufe, leɓenta yana motsi. Da aka gama ta buɗe ido ta ce, "A da na fi haka. Amma ba laifi." Ta juya ta kalli matan da ke zaune. "Ni abin da ya burge ni ladabinku. Ana cewa matan yanzu surutu, ga shi na yi waƙa tun daga farko har ƙarshe ba wadda ta ce uffan. Allah Ya yi muku albarka."

Gida ya amsa da amin. Ni ina kallon ƙasa, Jamila tana kallon sama, Hajiya kuwa ta fi kowa ɗaga murya wurin amin ɗin. A daren aka tura wa kowa, gwaggon ango ta kira tana godiya tana kuka.

Zan so in ce muku tun daga ranar na daina gulma, amma ba zan haɗa gulma da ƙarya ba. Abin da na koya shi ne gulma ma tana da wurinta. Yanzu idan muka haɗu da Hajiya a gidan biki, madalla kawai muke cewa, mu ci abin da aka ba mu, mu yi murmushi. Sai mun fito mun shiga mota an rufe gilashi, sannan ta juyo ta ce, "'Yar nan, buɗe jakarki in gani tukuna, ko na'urar nan tana ciki."